Sarewar Sajo Ta Koma Dugabau

Inna Asiya ba ta roƙi Zinnira magani ba, ba ta roƙi tufa ba. Tun da idonta ya rufe, jiki kuma ya soma ja baya, abu guda take nema wurin jikarta: ta sake jin sarewar marigayi mijinta Sajo, wadda yake kiran shanu da ita tun kafin su zauna Dugabau su kama fartanya.

Busar tana nan. Hadi, yayan Zinnira, ya kwashe ta daga tsohon kaset ya zuba a wata kwamfuta da ke kwana a kunne a shagonsa na Gwarzo. Ya sa wa Zinnira manhaja a waya, yana ta cika baki. "Ki danna saukewa kawai, ko a tsakiyar daji za ta yi."

To, ba ta yi ba. Ranar da Zinnira ta kai wayar Dugabau, Inna ta sa an share tsakar gida, maƙwabta sun zazzauna kan tabarmi, sai manhajar ta kafe wai sai ta gaisa da kwamfutar Gwarzo tukuna. A garin da ko kira sai an hau tudu! Busar na cikin wayar, ta cinye wuri, amma an kulle ta. Kunya ta kama Zinnira har wuya.

Zuwa na biyu ya fi ciwo. Manhajar ta sabunta kanta, ta share duk abin da aka sauke ba ko sallama. Inna ta ce, "Ba komai, 'yar nan," da muryar da ta fi ta wancan zuwan rauni. Abin da ya tsorata Zinnira ke nan.

Ta faɗa shagon Hadi fuska a murtuke.

"Ki ƙara haƙuri," in ji shi, "masu manhajar sun ce gyara na tafe."

"Yaya, su suna da lokaci. Inna fa?"

Ta tsugunna ta zare wayoyin kwamfutar, yana salati yana kare ta da hannu. Ta naɗe ta da zane, ta goya ta a baya. Dole Hadi ya ɗaure ƙaramin janareta a babur, yana mita har suka wuce Kabo.

A ɗakin Inna aka jona komai. Janareta na ruri daga zaure, sai ga sarewa ta fito siririya, tana rawa.

Inna ta ɗaga yatsa. "Jar saniyar nan yake kira, mai taurin kai. Ba za ta zo ba sai ya sake."

Busar ta yanke. Sai sarewar ta sake ɗaukowa daga farko.

"Kun ji ko?" in ji Inna, tana dariya hawaye na bin kumatunta. "Ga ta nan tafe."