Larabar Ƙarshe ta Anti Winnie

"A hankali, Basharat! Buhun dankali ka ɗauko ne?"

"Ai da buhun dankali ne, Anti, da tuni mun isa. Shi ba ya surutu."

Basharat Kiyani ya turo kekenta ta kan faifan ƙarfen da ke bayan motarsa ta haya, ya ɗaure tayoyin da maɗauri huɗu. Winnie Holroyd maƙwabciyarsa ce, bango ɗaya ya raba su. Shekararta tamanin da uku, tara daga ciki a kan keken guragu ta yi su, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita.

Wannan ce Larabarsu ta ƙarshe. Ran Juma'a motar za ta cika shekara goma sha biyu, dokar majalisar garin kuwa ta ce nan ne iyakar lasisin motar haya, ko da mai ɗaukar keken guragu ce. An ce kwamiti zai duba yiwuwar ƙara wa irin waɗannan motoci wa'adi, amma sai wata mai zuwa. Sabuwa ta fi ƙarfin Basharat, ga shi duk unguwar babu wata irinta.

Amma ba wannan ne ya fi cin sa a rai ba ranar. Shekara tara, kowace Laraba da ƙarfe biyu, yana kai Winnie wani ɗan layi a bayan tsohuwar masaƙa. Sai ta ce ya tsaya daura da wani gida mai koriyar ƙofa. Ta buɗe fulas ta sha shayi tana kallon gidan, rabin awa cif, sannan ta ce, "Mu tafi." Ba ta taɓa sauka ba. Matarsa Tazeem ta rantse gidan tsohon saurayi ne. Shi kuwa ya fi zaton gidan da aka haife ta ne. Wani lokaci yakan hango wata tsohuwa a taga tana ba fure ruwa.

Da suka tsaya, ya kashe mota, ya juyo.

"Anti, shekara tara ina haɗiye tambaya. Yau in ban yi ta ba, cikina zai fashe. Gidan wa ne?"

Ta hura shayinta. "Na Beryl. Ƙanwata."

"Kina da ƙanwa?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ko gaisuwa ba mu yi ba."

"Subhanallahi! Me ya haɗa ku?"

"Kai direba ne ko ɗan sanda?"

Ya sake gwada sa'a. "To me ya hana ki shiga?"

"Ba ka ga matakalar nan uku ba?"

"Haba Anti! Matakala ce ta hana ki shekara tara?"

"Haka nake gaya wa kaina," in ji ta. Ta rufe fulas ɗin. "Daga jibi wa zai kawo ni?"

Basharat ya sauka daga mota. Ya zagaya ya zaro faifan naɗewa da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera, ya tsallaka titi ya shimfiɗa shi a kan matakalar. Da ya dawo, ya iske ta tana gyara hularta a gilashin taga.

"Idan ta kore ni, kada ka kuskura ka gaya wa Tazeem."

Ba su kai ga ƙwanƙwasawa ba, ƙofa ta buɗe. Tsohuwar taga ce, gajeriya, da sandar dogarawa, hancinsu iri ɗaya sak.

"Kin tsufa, Winnie."

"Ke kuma rinin gashin nan bai karɓe ki ba."

"Shekara tara farar mota na tsaye a ƙofata, kin zaci makauniya ce ni? Maƙwabta har cewa suke 'yan sandan ciki ne ke gadina."

"To me ya hana ki fitowa?"

"Ke kika ce kada in ƙara taka inda kike."

"Yaushe kika fara jin maganata?"

Beryl ta dubi Basharat. "Shigo da ita, bawan Allah, sanyi na shigar mini gida."

Ya tura keken har falo, aka rufe ƙofa da shi a waje. Awa biyu ya yi a mota yana baza kunne. Sau ɗaya ya ji wani sauti, ya kasa gane dariya ce ko kuka. A hanyar komawa ya leƙa madubi ya fi sau goma. Winnie barcinta take, da guntun kek naɗe cikin takarda a cinyarta.

Ran Juma'a ya kwance lambar haya daga bayan motar, ya kai ofis. Mako bai zagayo ba mura ta sauka a ƙirjin Winnie. Likita ya ce asibiti, ta ce ko kusa. Tazeem ta dinga kai mata romon kaza, tana sha tana mitar yaji. Beryl kuwa bas biyu take hawa kowace safiya. Ta bango Basharat ke jiyo su suna gardama kan sunan wani kare da suka kiwata suna yara.

Ranar Talata da hantsi, Beryl ta buga musu ƙofa. "Ta tafi," ta ce. "Ina cikin ba ta labari, na ɗauka gyangyaɗi take."

Basharat ya jingina da bango. Tazeem ta kama hannun tsohuwar ta zaunar da ita.

Kwana goma sha biyu bayan jana'iza wasiƙar majalisa ta iso: an ƙara wa motoci irin tasa wa'adi zuwa shekara goma sha biyar, muddin za a riƙa duba lafiyarsu sau uku a shekara. Ya karanta sau biyu, ya cusa a aljihu, ya shiga gidan Winnie, inda Beryl ke haɗa kaya. An riga an zo daga asibiti an karɓi keken guragun.

"Anti Beryl, ki yafe mini. Wai me ya haɗa ku?"

"Ba ta gaya maka ba?"

"Ko kalma."

"To ka ga, wannan karon dai bakinmu ɗaya." Ta miƙa masa kwalin kofuna. "Fitar mini da wannan."

Da ya dawo, ya same ta tsaye a tsakar falo tana kallon ƙasa. Tayoyin keken sun cinye kafet ɗin, sun bar layi biyu daga bakin kicin zuwa gaban taga. Beryl ta sa ƙafafunta a tsakaninsu, tana dogara sanda, ta bi su a hankali har inda suka ƙare.