Shuɗiyar Tukunyar Roelie

Ranar da na tafi jami'a, tukunyar tana kife a kan teburina, wankakkiya. Kwana goma sha uku ke nan ban mayar ba, Roelie kuma ba ta zo karɓa ba.

Ga yadda aka yi. Bara da kaka wani mai bincike daga jami'a, Dokta Hidde Kuipers, ya zo ƙauyenmu yana hira da tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Ya yi awa biyu a kicin ɗina, ya sha kofi uku, ya ƙarar min da biskit. Ya ajiye 'yar rikodarsa kusa da gwangwanin sukari, ya miƙo min takarda shafi huɗu in sa hannu. Ina da shekara goma sha ɗaya aka cire ni daga makaranta aka kai ni masana'antar kwali, shafi huɗu a wurina aikin yini guda ne. Abu ɗaya na tambaye shi, ko sunana zai fito. Ya ce har abada ba zai fito ba. Na sa hannu, na saki baki.

Roelie maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu shekara arba'in da ɗaya. Tun rasuwar mijina take kawo min miyar wake duk Laraba, a shuɗiyar tukunyarta mai marfin aro.

A watan Maris, wata Alhamis, mutanen jami'a suka tara mu a zauren ƙauye don mu ji abin da suka gano. Tare muka tafi da Roelie, tana riƙe da hannuna saboda gwiwata. Dokta ya ce mutum dubu biyu aka yi hira da su a lardin nan, na'ura ce ta rarraba maganganunmu kashi-kashi. Da ya zo kan kashin waɗanda taimako ke yi musu nauyi, sai ya haska rubutu a allo, ya karanta da ƙarfi don masu matsalar ido.

"Wata mata, mun sa mata suna Anna. Ta ce: duk Laraba maƙwabciyata takan kawo min miyar wake a shuɗiyar tukunya, marfin ma ba nata ba ne. Da ta juya baya sai in juye a masai. Ba don ni take yi ba, so take duk layi ya gan ta ɗauke da tukunya."

Mutum sittin ne a zauren, babu wanda bai san tukunyar nan ba. Babu kuma wanda ya waiwayo, abin da ya fi ci min rai ke nan. Roelie ta ajiye kofinta a hankali, idonta na kan allo har aka tashi. Ta riƙe min hannu har ƙofar gida kamar yadda muka zo. Laraba ta zo ta wuce, ban ji ƙwanƙwasa ba.

Na hau bas, na hau jirgin ƙasa, na sami Dokta a ofishinsa. Ban zauna ba. Na ce masa maƙaryaci ne, ya ci biskit ɗina ya ci mutuncina. Fuskarsa ta yi jawur har kunne. Ya ce ba shi ya zaɓi maganar ba, su masu nazarin zaman jama'a ba su iya aikin kwamfuta ba, akwai wani ofis a hawa na uku da ke yi wa dukansu. Na ce to ya kai ni wurin wanda ya iya.

Mace ce, za ta kai shekara hamsin, da furfura, tana cin burodi da cuku a gaban kwamfuta uku. Sunanta Renske. Dokta ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya rako mara lafiya.

"Ke ce uwar na'urar?" na ce.

"Ni na koya mata aikin. Zauna, Madam Dijkema, na ga ƙafarki."

Ba ta yi min kwana-kwana ba, wannan na yaba mata. Ta ce hira dubu biyu ba mai iya karantawa, shi ya sa ta koya wa na'urar ta goge sunan mutum, sunan titi, sunan ƙauye, har sunan likita. Bayan haka na'urar ta zaɓo a kowane kashi maganar da ta fi fito da abin fili. Suna da doka cewa ba a nuna maganar mutum a garinsu. Amma sunan ƙauyen an riga an goge shi tun farko, don haka babu wanda ya san daga ina Anna take.

"Sunaye dubu ɗari na koya mata," in ji ta. "Ban koya mata tukunya ba. Laifina ne, ba nata ba."

Ta ce yau za ta cire maganata daga ko'ina, jami'a za ta rubuto min ban haƙuri, kuma daga yanzu sai mutum ya duba da idonsa kafin a haska maganar kowa. Na ce ta riƙe ban haƙurinta. Abin da ya kawo ni ɗaya ne. So nake ta rubuta takarda da hatimin jami'a, ta ce na'urar ce ta cakuɗa maganganun mutane, ni ban faɗi haka ba. In kai wa Roelie, shi ke nan.

Ta ajiye burodin.

"Wannan ba zan rubuta ba. Na'urar ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba."

"Ke kin sani, ni na sani. Wa zai tona?"

"Ba zan rubuta ba, Madam."

Na buga tebur. Na ce ƙila ma ba haka na faɗa ba, wa ya san me aka yanke a gaba ko a baya. A raina na fara yarda da hakan, cewa lallai na bi ta da wata magana mai daɗi da suka zubar. Ta ce in ina so in ji da kunnena, hakkina ne. Ta sa Dokta ya fita, ta ɗora min abin sauraro a kai.

Na ji ƙarar cokali a kofi. Na ji muryata, ta faɗi duk abin da ke allo, ba ragi. Na jira magana mai daɗin. Sai na ji na maƙale murya ina kwaikwayon Roelie, "Maƙwabciya, ga ɗan abin ɗumi," sannan na ji dariyata, doguwa, har da tari.

Na cire abin daga kaina na ajiye. Renske tana kallon taga, ta ba ni lokaci. Ta tambaya ko ta raka ni tasha, na ce ƙafata ce ta kawo ni. Ban ko kalli Dokta ba da na wuce shi, ba don fushi ba wannan karon.

Da na iso gida ban cire kwat ba. Na ɗauki tukunyar, na zagaya, na ƙwanƙwasa. Tun a jirgi nake shirya abin faɗa, da ta buɗe duk ya gudu. Na ce mata na je jami'a in sa su ce ƙarya ne, sun ƙi, domin gaskiya ne. Na ce miyar ba ta da laifi, ni ce ba na son zama matar da ake kai wa abinci.

Ta karɓi tukunyar, ta ɗaga marfin ta leƙa.

"Jantina, bangonmu ɗaya. Shekara uku ina jin kin ja ruwan masai minti biyar bayan na fita. Na sani."

"To me ya sa ba ki daina ba?"

"In kin buɗe ƙofa na ga kina tsaye da ƙafarki, buƙatata ta biya. Miya ai dalili ce kawai." Ta mayar da marfin. "Abin da ban sani ba shi ne za ki faɗa wa baƙo."

Ban gaya mata dariyar ba. Ba a haska ta a allo ba, ni da Renske kaɗai muka sani.

Ta ce in koma gida, iska na dukan gwiwata. Ta tura ƙofa a hankali, na tsaya har na ji ta ajiye tukunyar. Washegari Laraba ce. Na cire sakatar ƙofa tun da rana, na jawo kujera kusa da bango.