Akwatin Harsashi na Biyu

Shekara goma sha bakwai Orval Tweeten yana neman akwati ɗaya, kuma bai taɓa gaya wa kowa yana nemansa ba. Ɗan akwatin roba ne kore, mai cin harsashi ashirin, da takarda manne a murfinsa, rubutun hannunsa a kai. Duk inda aka yi gwanjon kayan mamaci a wannan yanki na Montana sai ya je, ya yi ta birkita tebura. Mutane suna cewa tsohon ya cika son banza. Ya bar su a haka, don ya fi masa sauƙi.

Gidansu ba a sayen harsashin kanti. Tsohon kwanson harsashi ake tsaftacewa, a auna albarushi a sikeli, a ɗura, a dasa kan harsashin a matse. Ubansu ya koya wa Orval da ƙanensa Wendell, amma Wendell ba shi da haƙurin zaman wuri ɗaya, sai aikin ya koma hannun Orval. Dokar kuwa ɗaya ce, ko makaho a sana'ar ya san ta: in ka sauya albarushi, ka koma farko. Ka fara da kaɗan, ka harba, ka duba kwanson, sannan ka ƙara.

A waccan shekarar albarushi ya yi ɓatan dabo a kantuna. Mai jan gwangwani, wanda bindigar Wendell ta saba da shi, ko na magani babu. Mai kanti ya miƙo wa Orval wani mai baƙin gwangwani, ya nuna masa jadawalin saurin ƙonewa, ga su nan maƙwabtan juna. Orval ya ce a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Saura kwana uku a buɗe farauta, shanu ba a sauko da su daga tudu ba, Wendell kuma yana ta azalzalarsa. Sai ya auna baƙin daidai nauyin jan, bai gwada ko ɗaya ba, ya cika akwati biyu. Takardar murfin ma bai sauya ba. Ya san kama da wane ba ta wane, ya sani sarai, ya dai yi.

Wendell ya fita farauta bai dawo ba. Kwana biyu aka yi kafin a same shi a bayan tsauni, bindigar ta tarwatse, ƙarfe ya shige ta idonsa. Jami'an da suka zo suka ce dusar ƙanƙara ce ta toshe bakin bindigar bai lura ba. Orval yana tsaye a wurin, ya gyaɗa kai. Akwati na farko ya zare shi daga jakar mamacin ya warware. Na biyun kuwa, kamar ƙasa ta haɗiye shi.

Tun daga nan kaka, lokacin farauta, ta zame wa Orval azaba. Da ya ji ƙarar bindiga daga tsauni sai ya tsaya cak, ko da cokali a bakinsa, yana jiran ta biyu. In ta biyu ta biyo, mai bindigar yana da rai. In ba ta biyo ba, abincin ya fita ransa ke nan. Wani lokacin, yana zaune gaban sikeli da rana tsaka, sai ya ji kamar an tsaya a ƙofar shagon da yake ɗura harsashi, an tare hasken, kamar yadda Wendell yake yi in ya zo ce masa ya cika nawa. Ba ya juyawa.

Ranar wata Asabar da hantsi a-kori-kurar Marlys ta tsaya a ƙofar gidansa. 'Yar Wendell ce, ita kaɗai ya bari, yanzu ta haura arba'in. Uwarta Arlene ta rasu a bazara, tun lokacin take ta kwashe kayan gidan. Ta shigo shagon tana karkaɗe takalmi.

"Baffa, har yanzu kana shan wannan kofin mai kama da baƙin mai?"

"Wanda ya raina shi ya zo da nasa. Me ya sa bakinki ya ƙi rufuwa?"

"Ƙuri'a ta faɗo kaina! Lasisin farautar elk, ƙatuwar barewar nan, a tsaunin Baba. Shekara goma sha ɗaya ina jefawa." Ta zura hannu a aljihun rigar sanyinta. "Kuma ka ga abin da na tsinta a ƙasan adakar Mama, cikin mayafai."

Ta ajiye shi a kan teburin, kusa da sikeli. Kore ne, takardar ta yi rawaya, amma rubutun yana nan raɗau. Orval ya gane shi nan take.

"Bindigata irin tasa ce, harsashinmu ɗaya," in ji ta. "Da na Baba zan harbe shi. Gobe zan gwada biyu a bayan gida."

Ya yi gyaran murya. "Albarushi yana tsufa, 'yata. Bar mini wannan, in ɗura miki sabo."

"Kai ne fa ka ce mini wanda ya kwana a bushe sai ya yi shekara hamsin. Ko ka manta?"

"Babu tabbas da abin da ke ciki."

"Ga shi a rubuce, mai jan gwangwani. Rubutunka ne. Duk garin nan wa ya taɓa kama ka da kuskure a takarda? Kai da kake auna abu sau uku kamar mai sayar da zinariya."

"To sayar mini. Ko ki ba ni kyauta, in ajiye don tunawa."

Ta yi dariya, ta ɗauke akwatin ta mayar aljihu. "Tsoho, kai da kwaɗayin tsofaffin akwatuna. In na gama na kawo maka fankon."

Ta juya ta nufi ƙofa. Orval ya ga bayanta, kafaɗa irin ta ubanta, tafiya irin tasa. Ya ga cewa dabara ta ƙare. Shekara goma sha bakwai yana tsoron ranar nan, yana kuma roƙon Allah ya kawo ta, ga ta ta zo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Marlys. Ƙarya ce a takardar."

Ta tsaya.

"Ba dusar ƙanƙara ce ta kashe ubanki ba. Ni ne. Wani albarushi na zuba masa, ban gwada ba, ban gaya masa ba."

Ya faɗa mata duka, tun daga kantin har gyaɗa kan da ya yi a gaban jami'ai. Bai nemi uzuri ba, ko shanun bai ambata ba. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta dawo a hankali ta zauna a kan bokitin da ke kife.

"Mama ta mutu tana jin haushinsa," ta ce. "Kullum sai ta ce mutum ya yi shekara talatin yana farauta, ya kasa leƙa bakin bindigarsa, ya bar ta da ni. Hotonsa ma a juye yake a ɗakinta. Kana zuwa cin abinci duk Lahadi, Baffa. Kana ji."

"Ina ji."

Ta fito da akwatin ta tura masa. "Warware su. Yanzu, a gabana."

Ya ɗauko gudumar cire kan harsashi, ya sa na farko a ciki, ya buga a kan kututture. Kan ya fita, albarushin ya zube, ya juye shi a wani tsohon faranti. Ya sa na biyu. Ya ci gaba, ɗaya bayan ɗaya. Da kowane ɗaya ya faɗa cikin farantin sai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, har ya ji haushin kansa da wannan sauƙin, don bai cancance shi ba.

Da ya kai layin ƙarshe, yatsansa ya faɗa a rami. Ya leƙa akwatin, ya duba ƙasan teburin, ya sake leƙawa.

"Saura ɗaya. Marlys, ina ɗayan? Kin ba wani?"

Ta kalli farantin.

"Ranar da za a rufe Baba, na ga akwatin nan a kan firji. Na ɗauki ɗaya na sa masa a aljihun riga, wajen ƙirji, kafin a rufe akwatin gawar. Na ce ya tafi da abin da yayansa ya yi masa da hannunsa."

Ta tashi ta ɗauki makullinta, ta bar masa fankon a kan tebur. Orval ya ji tashin motar, ya ji ta fita titi. Yana nan zaune da gudumar a hannu, babu sauran abin da zai sa a cikinta.