Gurbin Inna a Tsarin Iyali

A masana'antar sabulun da nake aiki, ba kai kake zaɓar tsarin inshorar lafiyarka ba, zaɓar maka ake yi. Duk shekara ana ba da mako biyu na cike fom. Kafin fom ɗin ya iso hannunka, jami'in kula da ma'aikata ya riga ya sa maka alama da fensir: mai aure tsarin iyali, marar aure tsarin mutum ɗaya. Naka kawai ka bi kan alamar da biro ka sa hannu. Shi ya sa muke ce masa Baba Fensir, kuma yana amsawa.

Bana aka canza mana kamfanin inshora, bana ne kuma likita ya ce idon Inna, mahaifiyata, yana tafiya. Ciwon suga ne ya taɓa shi. In ba a riƙa yi mata allura a idon duk wata ba, na hagu zai rufe kafin shekara, na dama ya bi baya. Ni da ita muke zaune, ni nake ganin yadda take laluben gefen tebur kafin ta ajiye kofi, tana yi tana jana da hira don kada in lura.

Da fom ɗina ya zo da alamarsa a kan mutum ɗaya, na sauka ofishin Baba Fensir na ce ina son littafin sharuɗɗa. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce guda ɗaya aka kawo, kuma ba ya barin ofis. Da ya jawo shi daga durowa, ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Shafi sittin ne, 'yar boko," in ji shi.

"Na karanta wanda ya fi shi kauri, Baba, ban mutu ba."

Kujerar baƙi tana nan, amma fayiloli ne jibge a kanta, bai kuma kwashe su ba. A tsaye na karanta. Kwana shida lokacin cin abinci ina sauka daga ɗakin gwaji da farar rigata, in jingina da bango, in yi ta bin ƙananan rubutun da yatsa ina kwafar abin da ya shafe ni. Abokan aiki suka sa mini suna Lauya. Wata ta ce in yi aure mana in huta da karatu, na ce mijin ma sai na karanta sharuɗɗansa tukuna.

A kwana na shida na sami abin da nake nema, a shafi na arba'in da ɗaya, can ƙasa. Ma'aikacin da ba shi da aure yana iya shiga tsarin iyali ya sa uwa ko uba a gurbin miji ko mata, muddin gida ɗaya suke zaune, kuma an bayyana duk ciwon da ke jikin dattijon. Na karanta sau uku, sannan na juya littafin na ajiye masa a gabansa. Ya ce shekararsa goma sha tara a kujerar nan ba a taɓa yin haka ba. Na ce to sai a fara da ni.

A gida kuma Yayana ya kawo tasa shawarar. Wai kada in ambaci idon, in bari a karɓe ta tukuna, daga baya mu ce sabon ciwo ne. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, littafin ya ce duk wanda ya ɓoye ciwo za a soke katinsa ranar da aka gano. Ya ce taurin kaina zai ja a ƙi ta. Inna tana jin mu, sai da ya fita ta ce in rubuta gaskiya.

Takardar likita na samu cikin sauƙi. Ta mai gidan haya, wadda za ta shaida tare muke zaune, ita ta sha mini kai. Sau uku ina zuwa shagonsa ana ce mini ya fita. A na huɗu na zauna a kan buhun siminti har ya dawo.

Ranar ƙarshe wakiliyar kamfanin inshorar ta zo karɓar fom. Kafin in buɗe baki Baba Fensir ya riga ni, ya ce ga wata yarinya nan da ta ƙi bin tsari. Matar ta karɓi takarduna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe littafin, ta karanta shafin a hankali.

"Yarinyar nan ita ce ta bi tsari, Malam," ta ce, ta buga hatimi.

Ban yi dariya ba sai da na hau bene.

Katin ya fito da hoton Inna kusa da nawa. Ranar allurar farko Inna ta riƙe hannuna har ya yi sanyi, ranar ta biyu ta ce in jira a waje, ita ba yarinya ba ce. Bayan ta uku likita ya daɗe yana haska idon, sannan ya ce na hagun ya tsaya inda yake, na daman kuwa garau.

Muka fito bakin titi muna jiran mota. Ina can ina laluben jaka, Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta hango lambar motar unguwarmu tun daga nesa, ta karanta mini ita, ta ce in ɗaga ƙafa kada a bar mu.