Tambaya ta Bakwai a Fom ɗin Peniasi

Shekara ashirin da huɗu Peniasi Vakaloloma ya yi yana tuƙa injin ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa ta garinsu a Fiji, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda a ƙofa. Sai sabuwar dokar tsaron tashoshi ta zo: ba mai shiga sai da kati, ba a ba da kati sai 'yan sanda sun binciki tarihin mutum.

Tambaya ta bakwai a fom ɗin neman katin ita ce ko an taɓa ɗaure shi. An taɓa. Yana saurayi ya yi wata takwas a kurkuku saboda fitar da katan-katan na taba daga wani jirgi ta bayan kwastan. A wani tsibiri aka yi abin, 'ya'yansa ba su sani ba, ga shi yanzu dattijon coci. Mai karɓar fom a ofis kuma 'yarsa ce, Litiana. Ya rubuta "a'a", ya miƙa mata yana tambayarta ko tarin da jikansa ke yi ya yi sauƙi.

Bayan mako uku ta aika a kira shi da hantsi. Ta rufe ƙofa, ta ajiye rahoton 'yan sanda a gabansa. Ta yi masa bayani a hankali, kamar ga baƙo, cewa doka ba ta hana kati kan ƙaramin laifin da ya daɗe haka. Ƙarya a fom ce ke jawo dakatarwa ta wata uku.

"Baba, da ka faɗi gaskiya, da tun jiya katinka na wuyanka."

Ya kasa ɗaga kai. Ya ce ba dokar ya ji tsoro ba, nauyin idonta ya ji.

Ta turo masa sabon fom. Ya cika a gabanta, ta buga hatimi.

A ƙofa abokan aiki suka tare shi da tsiya, wai ko hotonsa ne ya ƙona na'urar buga katin. Ya yi yaƙe ya wuce. Wata ukun nan a gonar rogo ya yi su, zaman shan kaba, abin shan gargajiyar Fiji, ma ya daina zuwa. Ranar Lahadi ta biyu Litiana ta kawo kifi da gwaza, ta zauna kusa da shi a tabarma, ta ce ya ba ta labarin tun daga farko. Ya daɗe yana murza gefen tabarmar kafin ya soma.