Dutsen Sikelin Tijjani

Tijjani ya rataya wa 'yata dutsen sikeli mai kilo biyar a ka.

Ƙanin matata ne. Shi ke auna fata a wani kamfanin jima a Challawa, kuma tun da aka ba shi sikeli yake jin babu abin da ya fi ƙarfin saninsa.

'Yata Firdausi ta gaji cutar uwarta: tabo a fata, ƙulle-ƙulle a kan jijiya. Ita tata ta ci ƙashin wuya. Wuyan ya lanƙwashe har haɓarta ta kwanta a ƙirji. Ta bar ɗinkin buhu a Sharada ranar da allura ta fara zame mata daga yatsu.

Likita Saudat ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ƙashin yana danne lakar da ke cikinsa, in aka bari hannu da ƙafa za su mutu. Za a yi tiyata ta gaba da ta baya, a sa ƙarfe. Amma sai an fara miƙar da wuyan. Aka ɗaura mata zoben ƙarfe a kai da kusoshi, aka zarga igiya ta kan gado, aka rataya nauyi. Kullum a ƙara ɗan kaɗan, har sati huɗu.

Ni shekara talatin na yi ina miƙar da rodi a Bompai. Na gane aikin. 

Tijjani ya zo dubiya, ya ɗaga nauyin da hannu ɗaya, ya yi tsaki.

"Yaya, wannan ai wasan yara ne. Mu a kamfani kafin a tashi aiki mun gama."

Na ce, "Ba fata ba ce. Zauna."

Washegari na fita sallar la'asar. Shi kuwa ya shigo da dutsen sikelinsa cikin leda, kamar mai kawo lemo, ya ƙara shi a igiyar. Da na dawo na tarar da nas biyu a kanta, Firdausi tana cewa ba ta jin yatsun ƙafarta. Tijjani na gefe yana yi musu bayanin kilo.

Kwana uku ƙafar ba ta motsa ba. Ran na huɗu babban yatsa ya amsa. Aka koma farko. Sati huɗu ya zama bakwai, ga taimakon kawu.

An yi aikin, awa tara. Da ta fara zama, da abin tallafi a wuya, ta sa aka ajiye mata dutsen a ƙarƙashin gado.

Sai ga Tijjani. Na ɗauka gafara ya zo nema. Ya tambayi jiki sama-sama, idonsa a ƙasan gado.

"Firdausi, dutsen nan na kamfani ne. Manaja ya ce in ban mayar ba ranar Litinin, in ajiye musu makullinsu."

Shekara shida takalman mutane kawai take gani. Ranar ta dube shi ido cikin ido, ta daɗe tana duba.

"'Yar nan, aikina ne fa. Ina da iyali."

Ta ce, "Kawu, ba zan bayar ba."