Ranar da Za a Sare Lemon Baba

Safa bakwai ce a kan igiyar shanya, kuma babu guda biyu da suka yi kama da juna. Auta ta lura da su ne a wucewa, tana ɗauke da shayin Baba zuwa bayan gida. Wata biyu ke nan safar Baba tana ɓacewa wari ɗaya-ɗaya. Yaya ya ɗora laifin a kan injin wanki. Mama kuwa da an taso da zancen sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Baba yana inda ya saba, a kujerarsa ƙarƙashin bishiyar lemo, gab da tafkin ninkaya na siminti da ya gina shekara talatin da suka wuce. A shekarar ya dasa lemon. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi magana ta yi masa nauyi, kuma in ba a inuwar nan ba, ko cokali ɗaya ba ya karɓa. Yau hannunsa mai lafiya yana dafe da jikin bishiyar, domin ga wani mutum can zaune a kan bulo, da zarto a cinyarsa, yana jiran a ce masa bismillah.

Likita ce ta ce Baba ya riƙa tafiya cikin ruwa sau uku a mako, ƙafar har ta fara amsawa. Sai 'yar tagar da ke jikin bangon tafkin, wadda ke zuƙe ruwan sama da ganye da ƙura ta aika wa injin tace ruwa, ta daina ja. Ruwa ya yi kore, likita ta hana shiga. Mai gyaran da Yaya ya kira bai ko durƙusa ba, ya dubi bishiya, ya dubi taga, ya ce saiwa ce ta shiga bututu: a sare, a fasa daɓe.

"Ƙafar Baba ko itace, Auta? Zaɓi ɗaya," in ji Yaya da ya iso yana duba agogo. "Ni ma a nan na koyi hawa bishiya, kar ki mayar da ni mugu."

"Zuwa azahar kawai na roƙa, Yaya."

"To ina tsohon naki? Ko a kan kunkuru ya taho?"

Lambar tsohon, mai gyaran famfon da Baba ya saba kira, ta samo a bayan ƙofar ɗakin inji, inda Baba ya rubuta da fenti tun tana firamare. Sau uku tana dannawa tana kashewa kafin ta iya yin magana.

Mai Famfo ya iso da jakar buhu da tiyo naɗe a kafaɗa. Ya fara zuwa ya tsuguna gaban Baba, ya riƙe masa hannu.

"Maigida, ashe haka jiki ya yi? Allah ya ƙara sauƙi. Ka bar yara suna shirin yi maka aski ba ruwa."

Gefen bakin Baba ya motsa.

Tsohon ya tsinci busasshen ganye ya saka a ruwa, daidai bakin taga. Ganyen ya yi juyi ɗaya, kamar baƙon da ya leƙa gida ya ga ba kowa, ya wuce abinsa.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Amma ni daga ƙofa nake fara gaisuwa, ba na haurawa ta katanga."

Ya duba tsayin ruwan, ya ga ya kai rabin taga, daidai ne. Ya tura ɗan ƙyauren robar da ke bakin tagar da yatsa, ya tafi ya dawo ba gardama. Ya ɗaga murfin da ke kan daɓe, ya zaro kwandon da ke tare ganye, ya jinjina shi a tafin hannu.

"Ina dutsen?"

"Wane dutse kuma?" in ji Yaya.

Tsohon ya dubi Baba, Baba ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Tsohon ya mayar da kwandon.

Ɗakin inji ƙarami ne, yana warin magani da damshi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe masa fitilar waya. Ya leƙa murfin gilashin injin, ya nuna mata ƙananan kumfa suna yawo. Ya kashe, ya kwance murfin, ya ciro zoben roba da ya bushe kamar tsohuwar fata, ya shafe shi da man shafa roba, ya mayar. Da aka kunna, kumfa ta ɓace. Auta ta tafi da sauri ta jefa ganye.

Ganyen ya wuce, bai shiga tagar ba.

"Wannan ƙaramin ciwo ne, 'yata, mun dai rage wa likita aiki," in ji shi da ta dawo. "Zo ki ji."

Bututu biyu ne ke shigowa injin, ɗaya daga ƙasan tafki, ɗaya daga taga, kowanne da makunninsa. Ya rufe na taga ya buɗe na ƙasa, inji ya riƙa gurnani lafiya lau. Ya juya su, sai injin ya shaƙe, ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi.

"Ka ji ko?" in ji Yaya daga bayansu. "Abin da wancan ya faɗa ke nan. Hanyar taga a toshe take. Saiwa ce. Malam mai zarto, ka shirya."

Mai zarto ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Yallaɓai, saiwa ba aljana ba ce," in ji Mai Famfo, "sai ta fasa bututu take shiga. In ya fashe kuwa, tafki zai riƙa zubar da ruwa. Yana raguwa?"

"Wa zai zauna yana auna ruwa?"

"Ba ya raguwa," in ji Auta. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da ta maimaita. "Akwai tayil mai tsaga a layi na biyu. Kullum in na kawo shayi ina dubawa. Mako uku, bai sauka ya kai faɗin yatsa biyu ba, shi ma rana ce."

"Ka ga amfanin mai shiru," in ji tsohon. "Mu masu baki ba ma ganin komai."

Ya kashe inji. Ya naɗe bakin tiyo da tsumma har ya yi kauri, ya cusa shi cikin bututun taga ta wajen inji, ya danne da hannu biyu. Zai tura ruwa ne ta baya, abin da ya shiga ya koma ta inda ya fito. Ya ce Yaya ya je ya buɗe famfo har ƙarshe, Auta kuma ta cire kwando ta tsaya a kan ramin.

Ta durƙusa tana kallon baƙin rami. Shiru. Tana jin numfashin Baba a bayanta. Mama ma ta fito, ta tsaya nesa da ruwa tana goge hannu da zani.

"Kashe! Buɗe! Sake kashewa!" Tsohon yana ba Yaya umarni daga ɗakin inji.

A karo na huɗu ramin ya yi tari. Baƙin ruwa ya taso da ruɓaɓɓen ganye da 'ya'yan lemo, sai ga wani abu dogo ya biyo baya yana lilo. Auta ta sa hannu ta kamo shi. Ta matse, ta warware. Safa ce, ruwan toka, da huji a dunduniya.

Kafin ta yi magana wata ta taso, sannan uku a dunƙule. Biyun ƙarshe sai da Mai Famfo ya zo da waya mai ƙugiya ya zaƙulo. Ya jera su a kan daɓe, guda bakwai.

"Ga saiwarku nan, Yallaɓai. Ban taɓa ganin bishiyar da ke sa safa lamba arba'in da uku ba."

Yaya ya dubi safa, ya dubi igiyar shanya. Sannan duk suka juya wajen Mama.

"To, kallon me kuke yi mini?" in ji ta. "Shekara talatin ina ganin ubanku yana sa wa kwandon nan safa don ta tare ƙura. Ya kwanta ciwo, sai in bar abinsa ya lalace? Kai ka hana ni zuwa bakin ruwa tun da na zame, shi ya sa nake yi da sassafe kafin ku tashi. Kuma wadda ta huje nake ɗauka, ta ƙafar da yake ja. Ban taɓa mai kyau ba."

"Da kika ga suna ɓacewa fa, Mama?" in ji Yaya.

"Na ɗauka Auta ce ke cirewa ta yar, tana rufa mini asiri."

"Uwargida, aikinki daidai ne, abu ɗaya ya rage," in ji Mai Famfo. "Kwandon nan ya tsufa, ba ya zama. In inji ya tsaya sai ya taso, safa ta zame ta ƙarƙashinsa, in an kunna bututu ya haɗiye. Shi ya sa Maigida yake sa masa dutse a ciki."

"Wani baƙi, mai sulɓi?" in ji Mama.

"Shi."

"Na ce wane ɗan banza ne ya jefa dutse a nan. Yana can na tokare ƙofar kicin da shi."

Wani sauti ya fito daga ƙarƙashin bishiya. Auta ta juya a tsorace, ta zaci sarƙewa ya yi. Dariya Baba yake yi, da rabin fuska, kafaɗarsa tana rawa, hawaye yana bin kumatu.

"Dut...se," in ji shi, yana nuna Mama da yatsa.

"Ka ga mutumin nan, wata uku bai kira sunana ba, sai dutse," in ji Mama, tana share ido da bakin mayafi.

Auta ce ta je ta ɗauko dutsen. Aka mayar da kwando, aka kunna inji. Tsohon ya miƙa mata ganye ya ce ita za ta gwada. Ta sake shi nesa kaɗan da taga. Ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya miƙe, ya ture ɗan ƙyauren, ya shige. Ta zauna a kan daɓe mai zafi, sai a lokacin ta gane tun safe haƙoranta a cije suke.

"Kwana uku da magani ruwan zai washe," in ji Mai Famfo. "Ku sayi sabon kwando. Zoben robar nan ma ya kusa ritaya, kamar ni."

Yaya ya tsuguna gaban Baba yana sosa ƙeya, yana neman ta inda zai fara. Baba ya ɗauke hannunsa daga jikin bishiyar ya ɗora masa a ka.

Babu wanda ya tuna da mai zarto sai Auta. Ta gan shi ya naɗe zarton a buhu, ya sunkuya ya tsinci lemo biyu da suka faɗo, ya sa a aljihu. Ya bi ta gefen igiyar shanya, ya ja ƙofar baya a hankali, ya fita.